KUNYAR DA TAKE CIN GIDA



Akwai wata tambaya da ya kamata mu baje ta a faifai tsakaninmu. Mace ta tara kuɗinta, ta ɗauka ta ba mijinta ko yayanta don ya saya mata gida ko fili. To idan ta buɗe baki ta ce a rubuta takardar da sunanta, kuma a kawo mata ta riƙe a hannunta, ta yi rashin kunya ke nan? Ta nuna ba ta yarda da shi ba? Ko kuwa shirun da take yi shi ne babban laifin?

Kada wata ta ce ai wannan zancen matan masu kuɗi ne. Wallahi ba haka ba ne. Gidaje da yawa a unguwanninmu da kuɗin mata aka saye su. Wata da adashi ta tara, wata da keken ɗinki, wata da tuyar ƙosai da awara, wata sarƙar gwal ɗin lefenta ta sayar, wata kuma rabonta na gadon mahaifi ne ya faɗo hannunta. Sai dai mace ba kasafai take zuwa wajen ciniki ba. Tana ɗaki za a zo a ce mata an samu fili a wuri kaza, mai shi a matse yake, a yi sauri a ba da kafin alƙalami kada wani ya riga. Ta kwance ƙulli ta miƙa. Da yamma maigida ya dawo ya ce alhamdulillahi ciniki ya faɗa. Ta ce Allah Ya sa albarka. Shi ke nan magana ta ƙare. Ba ta tambayi sunan wa aka rubuta ba, ba ta tambayi su wane ne shaidu ba, ita kanta takardar ba ta ga ko launinta ba. In ma ta ɗan yi ƙoƙari ta gefe-gefe, sai a ce mata, "Ai sunana na sa don sauƙi, kin san dillalai ba sa son harka da mata. Ni da ke ai duk ɗaya ne." Ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, har tana jin daɗin maganar.

Bari mu yi wa mai shirun adalci tukuna, don tana da hujjarta. Za ta ce miki aure ba kasuwa ba ne. Mutumin da na bar gidan ubana na zo na zauna da shi, yake ci da ni, yake sha da ni, na haifa masa 'ya'ya, shi ne zan tsare da maganar takarda kamar wani baƙo? Za ta ce kunya ado ce ga 'ya mace, kuma da zarar an fara lissafi tsakanin miji da mata, to albarka ta fara janye jiki. Akwai gaskiya a ciki. Gidan da kowa yake riƙe da littafin bashin kowa ba ya daɗin zama, kuma duk mun san matan da bakinsu ya kashe musu aure a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Amma 'yar uwa, ki tsaya ki duba wani abu. Ita takardar nan ba domin mijinki ake rubuta ta ba. Muddin yana raye, yana cikin hankalinsa, yana tsoron Allah, ko babu rubutu ya san gidan naki ne. Ana rubuta ta ne domin ranar da ba ya nan da zai faɗa. Ranar nan da waɗansu mutane daban za ki yi magana, wato 'yan uwansa, da 'ya'yan kishiya, da masu binsa bashi, da alƙalin da bai taɓa ganinki ba. Su kuwa ba su san daren da kika kwance ƙulli kika miƙa ba. Abin da suka gani a rubuce shi za su bi, kuma ba za a ce sun yi zalunci ba.

Mu ɗan yi lissafi, ko da yake na san wasunmu ba sa shiri da shi tun a makaranta. A ce gidan da kika saya da guminki ya kai naira 8,000,000, amma sunan maigida ne a takarda. Allah Ya yi masa rasuwa, iyayensa sun riga shi, ya bar 'ya'ya maza 2 da mata 3. Gidan ya shiga cikin dukiyar gado. Rabon matar mamaci idan akwai 'ya'ya shi ne tumuni, wato kashi 1 cikin 8, naira 1,000,000 ke nan. In kuna da kishiya, wannan ɗin za ku raba, kowacce ta tashi da 500,000. Ragowar 7,000,000 a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki 2,000,000, mace 1,000,000. Kin ga gidan da kika biya kuɗinsa kaf, kin tashi da kashi 1 cikin 16. In kuwa kin ce za ki yi magana a lokacin, ke ce mai da'awa, a kanki kawo shaidu yake, har da rantsuwa tunda wanda ake da'awa a kan dukiyarsa yana ƙasa. Ga takaba, ga hawaye, ga dangi suna zunɗe suna cewa ko kabarinsa bai bushe ba ta fara zancen gida. Kunyar da kika guje wa ta minti 5 a ɗakinki, ga shi ta dawo miki ninki goma a bainar jama'a.

Wani abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, shirun nan har shi mijin yake cuta. Kin ɗora masa amana mai nauyi, kin kuma bar shi ya tafi kabari da ita ba tare da wata alama da za ta warware ba. 'Ya'yansa za su ci abin da ba nasu ba, ba da saninsu ba. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, har ta taɓo kafa shaida a wajen ciniki. Su wa aka fara yi wa wannan umarni? Mutanen da suka fi mu gaskiya da riƙon amana nesa ba kusa ba. Da rubutu zargi ne, da ba a umarce su da shi ba. An san ɗan Adam yana mantuwa, yana mutuwa, zuciya kuma tana juyawa.

To tunda mun yarda a rubuta, me za a rubuta, kuma wacce takarda ce takarda? Nan ma akwai inda ake yi mana rufa-ido.

Da yawanmu ba mu san cewa a Nijeriya mutum ba ya mallakar ƙasa ɗungurungum yadda yake mallakar zane ko tukunya ba. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa duk ƙasar kowacce jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Mu a Arewa abin ba baƙo ba ne, don tun 1910 Turawa suka yi irin wannan doka, aka kuma sake ta a 1962. Abin da kike saya shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin, tare da ginin da yake kai. A birni gwamna ne yake ba da wannan haƙƙi, shaidarsa kuwa ita ce satifiket ɗin nan da ake kira C of O, wadda galibi shekara 99 ake rubutawa a kanta. A karkara ƙaramar hukuma tana da ikon bayarwa. Gwamnati tana iya karɓe wuri idan za a yi aikin jama'a kamar hanya ko makaranta, ta biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Ranar biyan diyyar nan kuwa, wanda yake da shaida a hannu shi ake saurara.

Yawancin filayen da talaka yake iya saya awon igiya ne. Mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti, a yi ciniki gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, a buga hatimi. Wannan takarda tana da amfani ƙwarai, kada ki raina ta, ita ce shaidar cewa an yi ciniki kuma kin biya. Amma ba ta kai satifiket ɗin gwamnati ba, kuma ba za ta hana rusau ba idan wurin ya faɗa kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Mai unguwa ya san wane ne ya gaji gonar, amma ba lalle ya san abin da yake cikin taswirar gwamnati ba. Don haka kafin a biya, a tura wani ya je Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo ya bincika. A Kano akwai ofishin KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, aikinsu ke nan ajiye bayanan filaye. A can ne za a gane ko sunan mai sayarwa ne a fayil, ko ana bin wurin kuɗin ƙasa na shekaru, ko an jinginar da gidan a banki. Gani ya kori ji.

Maganar banki ki riƙe ta da kyau. Mutum yakan karɓi bashi ya ajiye ainihin satifiket a banki, sannan ya zo yana yawo da hotonta yana neman mai saye. Idan aka ce miki ta ainihin tana wajen wani ɗan uwa a Legas, za a kawo bayan an biya, to ki ƙulle jakarki har sai ta iso. Banza ba ta kai zomo kasuwa, gidan da aka karya wa farashi ana ta azalzalarki ki biya yau-yau, akwai abin da yake ƙarƙashinsa. Ba don ado ba ne kike ganin an rubuta a jikin bangaye da jan fenti cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419. Waɗansu sun sayar da gidan da ba nasu ba, waɗansu kuma sun sayar da fili ɗaya ga mutum 3.

Ko da gidan yana da satifiket mai kyau, ciniki bai kammala a idon doka ba don kawai an biya an miƙa mukulli. Dokar 1978 ta ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, cinikin da aka yi ba da ita ba kuwa doka ba ta san da zamansa ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda jinginar gida ta rushe saboda ba a nemi wannan amincewa ba, har ma kotun ta ce dokar ta hau kan waɗanda suka mallaki wurarensu tun kafin 1978. Shi ya sa ake neman lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi sa hannun gwamna, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Akwai kashe kuɗi, akwai jeka-ka-dawo, ban ɓoye miki ba. Mutane da yawa a nan suke gajiya, su jefa tsohuwar satifiket a akwati da sunan mai gidan farko, har a sayar da gida hannu 4 sunan bai canza ba. Idan ƙarfinki bai kai ki gama a lokaci ɗaya ba, ki fara, ki riƙa bi a hankali tun mai sayarwa yana raye, domin sa hannunsa ake bukata. Neman sa hannun magadansa su 15 bayan ya mutu wani aiki ne ja.

Akwai kuma masu dabarar sa sunan ƙaramin yaro don gudun idon dangi. Ki sani dokar nan ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 21 ba irin wannan haƙƙi kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa masa, in ba gado ya ci ba. Ban da haka ma, abin da kika rubuta da sunan ɗa ɗaya, gobe zai iya cewa nasa ne shi kaɗai, ƙannensa mata su tashi a tutar babu. Sunanki ba abin kunya ba ne. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko fili a ko'ina cikin Nijeriya, bai ware mace ba. Shari'ar Musulunci kuwa tun tuni ta ce dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji.

Yanzu bari mu zo kan kyauta, don nan ne amare suka fi faɗawa. A littattafan soyayya, da zarar Alhaji ya zaro mukulli daga aljihu ya ce "Gidan nan naki ne halak malak," sai amarya ta fashe da kukan daɗi a rufe babi. Mai karatu ba ya son a ɓata masa daɗin labari da zancen safiyo. A rayuwa kuwa daga nan maganar take farawa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Idan ya mutu ba a karɓa ba, kyautar ta koma gado. Malamai sun ƙara da wani bayani da ya kamata kowacce matar aure ta sani: idan miji ya ba matarsa kyautar gidan da suke zaune a ciki, kuma ya ci gaba da zama a cikinsa har ya mutu, to ba a ɗauka ta karɓe ba, saboda ba ta muhalli dama wajibinsa ne, zamanta a ciki ba ya nuna mallaka. Amma idan ita ce ta ba shi kyautar gidanta da suke ciki, kyautar ta zauna. Kin ji fa. Don haka wadda aka yi wa irin wannan alheri, bayan godiya da addu'a, ta nemi malami masani ko lauya ya nuna musu yadda za a cika kyautar tun ana tare, a kira shaidu, a canza suna. Mijin da ya bayar da zuciya ɗaya ba zai ji haushi ba, ai burinsa ke nan abin ya tabbata a hannunki.

Sai gidan gado, uwa uba. Ban san abin da ya raba zumunci a ƙasar Hausa kamar gidan gado ba. Mahaifi ya rasu, a ce kada a raba gida, a bar shi ya zama gidan kowa. Maza su ci gaba da zama a ciki da iyalansu, mata suna gidajen aurensu. Shekara ta bi shekara. Wata rana sai ki ji yaya babba ya sayar da shagunan waje, ko ya sayar da gidan ɗungum, a aiko miki da ɗan abin da aka ga dama a ce ga naki. In kin ɗaga kai, a ce ke da kike ɗakin miji me za ki yi da gida? Inna ma ta ce ki yi haƙuri kada a ji kanku.

Ga abin da shari'a ta tanada. Ba wanda yake da ikon sayar da rabon wani sai da yardarsa, ko yaya ne ko baffa. Idan ya sayar, cinikin rabonki yana rataye ne har sai kin amince. Amma malamai sun ce wanda aka sayar da kayansa yana zaune a wurin, yana ji yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to cinikin ya hau kansa, sai dai ya bi kuɗinsa. Ki duba yadda shirun kunya yake zama sa hannu! Ana taron gida, kina gefe kin ja mayafi kin rufe fuska, a ce "Kowa ya yarda ko?" ki yi shiru don kada a ce kin yi wa manya musu. A wajenki ladabi kika yi, a wajen alƙali kuwa amincewa kika yi.

Akwai kuma haƙƙin da ake kira shufa'a. Idan gida bai rabu ba, ɗaya daga cikin masu shi ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon su biya kuɗin da baren ya biya su karɓe, don kada a cusa musu baƙo a tsakar gida. Mace tana da wannan haƙƙi daidai da namiji. Sai dai ba ya jira har abada, wadda ta sani ta yi shiru har shekara ta wuce, ya faɗi. Haka nan maganar hauzi: idan bare ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa kamar nasa, mai shi yana gari yana kallo bai ce uffan ba, babu abin da ya hana shi magana, to ba za a saurari ƙararsa ba bayan nan. Tsakanin dangi an tsawaita lokacin saboda an san ana kawaici, kotunanmu sukan ambaci shekara 40. Ko ita shari'ar ta san da kunya, ta ba ta wa'adi mai tsawo, amma ba ta bar shi babu iyaka ba.

Ke kuma mai saye, kada daɗin araha ya rufe miki ido. Idan aka ce gidan gado ne, ki tambaya an raba? Ina takardar rabon gado ta kotu? Magada nawa ne, kuma matan cikinsu sun sani? Akwai marayu ƙanana, wa yake tsaya musu? Ki nemi kowa ya sa hannu, matan da suke aure a wani gari a je a same su, a ji daga bakinsu. Wata za ta ce ina ruwana, ni dai na biya kuɗina. Da ruwanki mana. Wata mace irinki ce ake shirin dannewa, da kuɗinki kuma za a danne ta. Ko ba ta taɓa kai ƙara ba, kin so ki kwana a ɗakin da mai rabo a cikinsa take kuka a wani gari? In kuma ta kai, ke za a bari da jigilar kotu, yaya babba ya riga ya cinye kuɗin ya ƙara aure.

In kuma ke ce mai sayarwa, to nauyin ya juyo kanki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin san duk damina ruwa yana shiga har gindin gado, kin san bangon baya ya tsage an shafe shi da siminti da fenti, kin san akwai rigimar iyaka da maƙwabci, kin san masai ta cika. Sai ki bari sai rani ya tsaya ki sa gida a kasuwa, dillali yana rantsuwa yana cewa ko ɗigo ba ya yi. A tsarin dokar da muka gada daga Turawa an fi ɗora wa mai saye nauyin ya buɗe idonsa ya duba gini da kansa, ko da yake aibin da ya shafi mallaka dole mai sayarwa ya faɗa. Shari'ar Musulunci ta fi haka tsanani, duk aibin da kika sani wanda zai rage daraja wajibi ne ki bayyana. Idan ya fito daga baya, malamai sun ce babban aibi yana sa a mayar da gida a karɓi kuɗi, matsakaici kuma a rage farashi gwargwadonsa. Kada ki fake da cewa ai ba ni na yi magana ba, dillali ne. La'adarsa kawai zai karɓa ya kama gabansa, kuɗin gidan a hannunki za su zauna, da su za ki ci, da su wataƙila za ki je Makka. Idan akwai 'yan haya a ciki, su ma a faɗa wa mai saye yaushe kuɗinsu zai ƙare, kada a sayar da gida a kansu kamar buhunan gero, a wayi gari sabon mai gida yana watsa musu kaya waje.

Na san abin da yake ran wata yanzu. Tana cewa duk na ji, amma ta yaya zan fara? An yi shekara 7 da sayen filin, yau in tashi in ce a ba ni takarda, ai sai ya ce wa ya zuga ki.

Magana dai 'yar dabara ce, mu mata kuwa ba a koya mana ita. Ba a tayar da irin wannan zance ana cikin faɗa, ko ranar da aka ji ƙishin-ƙishin zai ƙara aure, don a ranar ko gaskiya kika faɗa kishi za a kira ta. Ki bari sai rai yana sanyi, an ci an sha, yara sun kwanta. Ki ce, "Maigida, ina so mu gyara maganar filin nan tun muna da rai da lafiya. Ban san wanda zai riga wani ba. In ni na riga ka, ina so magadana su san abin da na bari, in kuma kai ne, ba na so a ɗora maka nauyin da ba naka ba." Idan yayanki ne, ki bi ta wajen Inna ko wani baffa da yake jin maganarsa, a yi shi cikin raha. Mai gaskiya zai ce wallahi kin tuna mini, gobe a kira shaidu. Wanda kuwa ya hau faɗa yana cewa ashe ba ki yarda da ni ba, ya ƙi rubutawa wata da watanni, to ya ba ki amsar tambayar da ba ki yi masa ba, sai ki san matakin da za ki ɗauka tun shaidun farko suna raye.

Idan canza sunan a ma'aikata zai ɗauki lokaci, a fara da abin da ya sawwaƙa a yau. Ya rubuta da hannunsa cewa gida kaza da yake unguwa kaza, mai iyaka da wane ta gabas da wane ta yamma, na matarsa wance ne, da kuɗinta aka saya, sunansa aro ne. A sa kwanan wata, maza 2 adalai su sa hannu, zai fi kyau a samu ɗaya daga danginsa ɗaya daga naki. In haɗa kuɗi kuka yi, a rubuta nawa kowa ya zuba. Idan ta banki kika tura kuɗin, ki adana shaidar turawar. In ba kya karatun boko sosai, ki sa wanda kika amince da shi ya karanta miki kowane layi kafin ki dangwala yatsa, kada ki dangwala a kan farar takarda ko da wa ya kawo ta.

In takarda ta zo hannu kuma, kada a cusa ta ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla tare da turaren wuta, gara da ɓera da ruwan damina ba su san satifiket ba. A sa ta cikin leda mai kauri a kulle a akwatin ƙarfe. A yi hotonta guda 2, ɗaya a kai gidanku wajen wanda kika yarda da shi, ɗaya ki ɗauka a waya ki adana. 'Ya'yanki da suka yi hankali, mata da maza, ki zaunar da su ki nuna musu inda take.